Na Makara da Karɓi

Kwanan baya aka kai ni Kebbe bikin wani jikan kawuna. Kafin a kawo amarya sai aka ce in zo in ga ɗaki, in sa albarka. Na tarar da maza biyu a durƙushe suna liƙa tayil, wayar ɗayansu tana jingine a taga tana ta zuba waƙa, ba mai amsa mata. Suka ce da hantsi suka fara, kafin la'asar za su gama. Ɗakin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, sumul kamar cikin tangaran. Na tsaya a bakin ƙofa na yi addu'a, amma ƙafafuna suka ƙi shiga. Yarinyar da ke riƙe da hannuna ta ce, "Hajiya, santsi kike tsoro?" Na ce mata i. Ban san ta inda zan fara gaya mata cewa a cikin gidan nan ne, a wani ɗaki da yanzu ko tushensa babu, na yi wa mahaifiyata abin da har yau ban gama yafe wa kaina ba.

A zamaninmu siminti sai a ofishin hukuma. Ɗakin amarya daɓe ake yi masa. A zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa a jere, kowace da madaɓinta, wani guntun itace mai faɗin ciki, su yi ta bugun ƙasa har ta kwanta, sannan a bi ta da ruwan makuba ta yi ja tana sheƙi. Aikin yini ne, kuma ba ya yiwuwa sai da waƙa, domin waƙar ce ke haɗa hannuwa su sauka tare. Mace ɗaya ke bayarwa, sauran su amsa. Amshin nan a wajenmu karɓi muke ce masa. Inna 'yar Kebbe ce, aure ya kawo ta Tambuwal, gidan malamai. Ba zabiya ba ce, ba ta taɓa roƙon kowa ba. Amma daga unguwarmu har Jabo, in za a daɓe ɗaki, sai an aiko mata da goro. Baba ba ya hana ta. Yakan ce abin da mata suka yi a cikin gida tsakaninsu da ƙasa, ba ruwan zaure da shi.

Ni ce 'yar fari a wurinta, saboda haka kunya ta shiga tsakaninmu tun ban san kaina ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In za ta aike ni, sai ta dubi bango ta ce, "A kawo ruwa." In na yi zazzaɓi, Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune tare da mu, ita ke rungume ni, Inna tana daga bakin murhu tana tambayar Gwaggo ko waccan yarinya ta ci wani abu. Wuri ɗaya ne kawai muke magana da juna, ni da ita, wato bakin dutsen niƙa. Da sassafe, hayaƙi bai gama tashi daga gidajen maƙwabta ba, kurciyoyi na kuka a kan tsamiya, sai ta durƙusa ta zuba gero, ni kuma in tsuguna gabanta ina tara gari a faifai. Ta tura ɗan dutse, ta ce:

"Dutse, ci gero, ka bar mini hannuna."

Ni kuwa in ce, "Ci gero, dutse, ci gero."

Sai dai ba na jira ta kai ƙarshe. Tana kan "hannu" nake shiga, muryata ta hau kan tata kamar an yafa mayafi. Tun ina ƙarama, in lokacin ya yi, sai ta ɗan ɗaga haɓa, ni kuma in faɗo. A hankali jikina ya riƙe, ba sai na duba ba. Na ɗauka haka kowa ke karɓi. Abin da ban sani ba shi ne, Inna tana da ciwon ƙirji. In ta ja dogon numfashi a ƙarshen baiti, akwai wani siririn fito da ke fitowa daga cikinta. A wancan lokaci in aka ji mace da irin wannan fito, ba a tsayawa a bambance fuka da tarin da ake ɗauka. Sai a ware mata ƙwarya da ludayi, a janye yara daga jikinta, goron biki ya daina zuwa. A ƙarƙashin muryata take jan numfashinta. A wurin daɓe ma haka, ni ke fara faɗowa, sauran mata su biyo ni, ba wadda ta taɓa jin komai. Shekara da shekaru ina rufa mata asiri ban sani ba, ita kuma kunya ba za ta bar ta ta gaya mini ba.

Da na ci jarrabawa aka tura ni makarantar 'yan mata ta kwana, tafiyar yini a bayan babbar mota. Cikin abubuwan da ake koyarwa har da waƙa, sau biyu a mako, a wani ɗaki mai rufin kwano kusa da kicin. Malamarmu Baturiya ce, doguwa, mai Hausar littafi. Tana da wani akwatin kiɗa da ake taka wa da ƙafa yana hura iska, muka sa masa suna zugazugi. Ita kuma muka sa mata Malama Jira, domin ba kalmar da ta fi fita daga bakinta kamar wannan. Ba muguwa ba ce. Ina so a san wannan. Ranar farko da ta ji muryata ta ajiye allin da ke hannunta, ta ce in sake. Ta ce Allah ya ba ni kunne. Amma da muka fara waƙa gaba ɗaya, ta rera layi, mu amsa, sai ta ɗaga sandarta.

"Wace ce take shiga kafin na gama?"

Aji duk ya juyo kaina.

"Kina taka mini wutsiya," in ji ta, tana murmushi. "Jira. Ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, sa'an nan ki shiga."

'Yan aji suka fashe da dariya, har ƙarshen shekara ana ce mini mai taka wutsiya. A aji ɗaya abin da muka koya ke nan: tsayuwa a miƙe, numfashi daga ciki, tafi a kan ƙirga, da matakalan murya guda bakwai. Na so su ƙwarai. Ni dama yarinya ce mai yawan zama shiru tana kallon gajimare, sai ga shi an nuna mini cewa murya ma tana da tsani, ana hawa ana sauka, kowane mataki da sunansa. Da na zo hutu, Gwaggo ta tsare ni a tsakar gida tana tsinkar zogale.

"To, 'yar boko, mi anka koya muku?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Do, re, mi."

"Mi?"

"Mi, Gwaggo. Sai fa."

"Mi fa? Ni nika tambayarki, kina tambayata?"

"Sunansu ke nan. Mi, fa, so."

"So? La'ilaha illallahu. Malam, fito ka ji abin da anka koya ma ɗiyarka, tun ba ta iya tuƙa tuwo ba!"

Har Inna sai da ta juya fuska bango, kafaɗunta na rawa. Washegari a bakin dutse na yi karɓi kamar yadda na saba. Jikina bai riga ya manta ba.

A aji biyu aka fara koya mana karatun alamomi, ɗigo-ɗigo a kan layuka biyar kamar tsuntsaye a kan waya. A nan na ga abin da ya fi komai ba ni mamaki: ashe shiru ma ana rubuta shi. Yana da alamarsa, yana da tsawonsa, kuma wanda ya cika shi da murya ya yi ɓarna. Malama Jira takan ce shiru ɗakin waƙa ne, kada a shiga masa da takalmi. Wannan magana ta kama ni, na rubuta ta a bayan littafina na yi mata zanen fure. Shekarar ce aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu. Wata uku muna shirin waƙoƙin biki, kuma an sa ni a layin gaba bisa sharaɗin ba zan faɗo kafin lokaci ba. Nakan cije leɓe, in danne babban yatsan ƙafata a cikin takalmi ina ƙirgawa. Ranar bikin, ga manya a kan kujeru, ga iska na kaɗa sababbin tutoci, muka shiga tare kamar mutum ɗaya. Malama ta dube ni ta gyaɗa kai. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Da na koma gida hutu, a bakin dutse sau biyu Inna ta ɗago ido ta dube ni, abin da ba ta saba ba. Na ɗauka sabon kallabina take kallo.

Aji uku aka raba mu murya biyu, ta sama da ta ƙasa, aka kuma ba kowace sarewar katako. Na koyi riƙe hanyata ko da ta kusa da ni tana bin wata hanya daban. Wato na koyi toshe kunne daga mai waƙa kusa da ni, in bi ƙirga da hannun malama. A shekarar ce kuma injin niƙa ya sauka a bakin kasuwar Tambuwal. Tun daga gida ana jin bugun zuciyarsa. Mata suka huta, gaskiya ne, tafin hannuwansu suka daina yin kanta. Amma safiya ta zama shiru a unguwa, dutse sai in za a niƙa ɗan abin kunu. Hutun nan gaba ɗaya bai fi sau uku na tsuguna gaban Inna ba. A na ƙarshe Gwaggo tana wucewa da tulu ta ce, "Ke, karɓin nan naki ya fara nawa. Ko boko nauyi gare shi?" Na yi dariya, na ce mata a da ne nake kuskure, yanzu an gyara mini. Inna dai ta gajarta waƙar, ta kwashe garinta.

Aji huɗu aka ba ni zugazugi. Mu biyu kaɗai aka zaɓa a duk ajin. Na koyi raba hankalina uku, ƙafa na takawa, hannun hagu na riƙe muryar ƙasa, na dama na yawo a ta sama. Nakan zauna bayan la'asar, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan madannan, in yi ta bugawa har a kaɗa ƙararrawar abinci. Ina mafarkin in zama malama, in koma gida in rubuta duk waƙoƙin Inna a kan layuka biyar, kada ko ɗaya ta ɓace. Aji biyar kuwa ni ke tsayawa gaban ƙananan ɗalibai da sanda. In malama ta buga abu sau ɗaya, ina iya rubuta shi daga kunne. Kuma in wata 'yar aji ɗaya daga ƙauye ta faɗo kafin lokaci, ni ke ce mata, "Jira. Ƙirga." A ranar rabon kyauta aka kira ni aka ba ni littafi mai jan bango. Malama Jira ta riƙe hannuna ta ce shekara biyar ta yi tana fama da ni, kuma yanzu ba ta da ɗalibar da ta fi ni sanin lokaci.

Na dawo gida da bazara, ina jiran sakamako. Ba a yi kwana goma ba goro ya zo daga Kebbe: ɗan kawuna zai yi aure, ana son Inna ta zo ta ba da waƙar daɓe. Rabon da ta karɓi irin wannan goro tun kafin in tafi makaranta, kullum takan ce tana da uzuri. Wannan karon na ji ta tana ce wa Gwaggo, "Tunda waccan yarinya ta dawo, sai mu tafi." Na ji daɗi har cikin raina. Na ɗauka so take ta nuna ni ga danginta.

Mata sun fi ashirin a ɗakin. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙarar warwaro, ana ta tsokanar juna. Gwaggo tana waje wurin dakan fura. Matar kawuna ta ce, "A matsa ma malamar waƙa, yau za mu ji karɓin Turawa." Aka ba ni wuri kusa da Inna, kafaɗata na gogar tata. Kowa ya san ni ke fara faɗowa tun ina ƙarama, yanzu kuma ga ilimi, saboda haka duk suka zuba mini kunne. Madaɓai suka fara sauka. Na saurara, na kama bugun, na ga huɗu-huɗu ne, na ji kamar ina gaban aji. Inna ta ɗaga murya, murya mai zaƙi da ban ji ba tun da daɗewa:

"Ƙasa, ki kwanta, baƙuwa na tafe."

Na san ta ɗaga haɓa. Dole ta ɗaga. Amma idona yana kan madaɓai ina ƙirgawa. Na bar ta ta gama tsaf, na ba shirun haƙƙinsa, sannan na shiga daidai, a tsabtace: "Kwanta, ƙasa, kwanta." Mata suka biyo ni. A cikin ɗan shirun nan na ji wani abu kamar an busa kara, amma na ɗauka ƙyauren ne. Baiti na biyu ma haka. A na uku wasu hannuwa suka tsaya a sama don su saurara, ɗakin ya yi tsit, sai fiton ya fito fili, dogo, yana kakkaryewa, daga ƙirjin mahaifiyata. Wata tsohuwa daga can lungu ta ce, "Subhanallahi. Wanga ƙirji fa?" Wata mai goyo ta ja zaninta ta matsa. Inna ta yi ƙoƙarin ɗaukar baiti na gaba, sai tari ya ƙwace mata. Matar kawuna ta taso, da ladabi ƙwarai, ta zare madaɓin daga hannunta.

"Yaya, ki huta. Ƙurar ɗaki ce. Fito ki sha iska."

Wata ta ɗauki bayarwa, aiki ya ci gaba. Da aka kawo fura, aka zuba wa kowa a babbar ƙwarya ana zagayawa da ludayi. Inna kuwa aka kai mata tata daban, a gindin rumbu, da wani sabon ludayi da ba a taɓa amfani da shi ba. A gidan ubanta. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya.

A hanyar komawa, Gwaggo ta ja ni bayan motar da za ta kai mu gida, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.

"Ke ba ki san mi kika yi mata ba duk shekarun ga? Ke ce zanen da taka rufa da shi. Ta ƙi zuwa ko'ina don ba ki nan. Tana jiran ki dawo."

"Gwaggo, don me ba a gaya mini ba?"

"Wa zai gaya miki? Ita? Na so in faɗi, tac ce in bar ki da karatunki. Tac ce abin da ke cikin jini ba shi fita." Ta share ido da bakin mayafi. "Ashe shina fita. Ɗaya, biyu, uku, fuɗu, ya fita."

Kwana biyu ban iya haɗa ido da Inna ba. A rana ta uku da safe na ji ƙarar dutse. Ga injin can a kasuwa, amma ta fito da geronta ta durƙusa. Ba waƙa, sai gurzar dutse da wannan fito, wanda yanzu nake ji sarai, har ina mamakin yadda kunnen da aka yaba bai taɓa kama shi ba. Na ɗauko faifai na tsuguna gabanta. Ba ta ɗago ba. Na jira ta bayar, ba ta bayar ba. Na so in ce ta yafe mini, amma ba mu da hanyar irin wannan magana, ni da ita. Sai na buɗe baki na ba da waƙar da kaina, abin da ban taɓa yi ba.

"Dutse, ci gero, ka bar mini…"

A nan muryata ta karye. Kuka ya taso mini, ga Gwaggo a bakin murhu, ga maƙwabciya ta shigo aron rariya. Kafin kowa ya ji, sai wata siririyar murya ta hau kan tawa ta rufe ta: "Ci gero, dutse, ci gero." Ta ja shi, ta maimaita, ta riƙe har muryata ta dawo. Na ba da na biyu, ta sake faɗowa tun ban kai ƙarshe ba. Baiti uku muka yi. Sannan ta tsaya, ta dafa dutse da hannu biyu har numfashinta ya dawo. Ta dubi bango, ta ce, "Karatu munka aike ta, ta kuwa yi. A kwashe garin ga."

Goron daɓe bai sake zuwa gidanmu ba. Da damina ta yi nisa ciwon ya kwantar da ita, kafin a yanke gero Allah ya karɓi abinsa. Sakamakona ya zo bayan an yi sadakar bakwai. Waƙoƙin da na ce zan rubuta, ban rubuta ko ɗaya ba, domin da na zauna da takarda sai na rasa inda zan sa wurin da muryoyi biyu ke hawa kan juna.

Na yi aikin koyarwa har gashina ya yi fari. Yara da yawa sun wuce ta hannuna, wasu yanzu su ma kakanni ne, kuma in mun haɗu sukan ce ni na koya musu tsayawa a kan lokaci. Wannan na iya koyar da shi, aji bayan aji, mataki bayan mataki. Amma yadda za ka ji numfashin na kusa da kai yana shirin ƙarewa, ka shiga tun bai roƙe ka ba, wannan ban san yadda ake koyar da shi ba. Wadda ta iya, ba ta taɓa kiran sunana ba, balle in tambaye ta.